Idan Shimfiɗar Takalmi ta Asibiti Tana Kashe Maka Yatsu: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar

Mutum ya sha fama da ciwon diddige ko shafaffen tafin ƙafa, likita ya tura shi aka ɗauki siffar ƙafar da filasta ko da soson awo, aka ƙera masa shimfiɗa tasa ta kansa wadda ake zurawa cikin takalmi, wato insol. Ya biya kuɗi masu kauri, wani ma sai da ya bi motar Kano daga Bauchi ya je Asibitin Ƙashi na Dala. Kwana kaɗan da fara sawa diddigen ya lafa, sai ga sabon abu: yatsu suna yin dindiris, ko minjirya ta riƙa tsattsaga su, ko ya ji kamar safa ta tattare a gindin yatsu alhali a miƙe take.

A nan mutane kan rabu gida biyu. Wasu su zare shimfiɗar su jefa ƙarƙashin gado, kuɗi sun tafi, ciwon diddige ya dawo. Wasu kuma su cije, saboda an ce musu ƙafa za ta saba. Gaskiya ne akwai abin da ake sabawa da shi. Gajiya a kwarmin tafin ƙafa, ɗan tsami a sharaɓa, jin baƙon abu a ƙarƙashin sawu, duk waɗannan kan zo a mako ɗaya ko biyu na farko su wuce. Mutuwar yatsu ba ta cikinsu. A lafiyayyar ƙafa, yatsa ba ya mutuwa sai an danne jijiyar da ke kai masa ji ko an takura jinin da ke zuwa masa, daidai da yadda ƙafa ke mutuwa idan aka cusa mutum huɗu a kujerar bayan mota daga Bauchi har Jos. Jijiya ba ta sabawa da danniya. Idan aka ɗaga mata da wuri ta farfaɗo, idan aka yi watanni ana danne ta sai ta yi kauri ta fara ciwo ko da babu takalmi.

Abin farin ciki, yawancin lokaci gyaran ƙarami ne. Amma sai an bi shi a jere, ana canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya canza takalmi, ya sassauta igiya, ya yanke shimfiɗa duk a rana guda, ko ya warke bai san me ya warkar da shi ba, ranar da abin ya dawo kuma sai ya faro daga farko.

Da farko: cire takalmin, ka duba agogo

Da zarar ka ji yatsun sun fara mutuwa, nemi wuri ka zauna, cire takalmi da safa, ka lura da lokaci. Abu uku za ka riƙe: minti nawa ka yi da takalmin kafin abin ya fara, kana tsaye ne ko kana tafiya ko kana zaune, kuma minti nawa aka yi kafin jin ya dawo. Rubuta su a waya, kada ka dogara da tuni.

Sai ka kalli ƙafar sosai a wuri mai haske. Danna farcen babban yatsa har ya yi fari, ka saki. Jini ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa 2 zuwa 3. Taɓa yatsun da bayan hannunka ka gwada ɗuminsu da na ɗaya ƙafar. Nemi shatin da takalmi ko shimfiɗa suka bari: layin ɗinki, sawun igiya, gurbin da ya lotsa. A fatar da take da duhu ja ba ya fita sosai, don haka a nemi wurin da ya fi kewayensa duhu, ko sheƙi, ko zafi. Shatin da bai baje ba bayan minti 20 zuwa 30 yana nuna matsin ya yi yawa a wurin.

Idan jin ya dawo cikin 'yan mintuna, kusan tabbas matsala ce ta matsi, ci gaba da matakan da ke ƙasa. Idan kuwa ka kwana ka tashi yatsun suna nan a mace, ko ka tuna cewa tun kafin shimfiɗar ma kana jin haka jefi-jefi, tsallaka zuwa sashen ƙarshe, domin ba takalmi kaɗai ke magana ba.

Akwai alamun da ba a tsayawa gwajin gida a kansu. Ƙafa ta yi sanyi ƙalau farat ɗaya, launinta ya kwashe, ga ciwo mai tsanani: hanyar jini ce ta toshe, kuma sa'o'i ake ƙirgawa. Mutuwar ƙafa tare da karkacewar baki ko raunin hannu. Mutuwar da ta haɗa da tsakanin cinyoyi, ga ciwon baya, ga fitsari ya ƙi fita ko ya ƙi tsayawa. Ƙafar da ta fara ja da ƙasa saboda ba ka iya ɗaga gabanta. Kowanne daga cikin waɗannan, sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ko asibiti mafi kusa da kai, a ranar.

Wane yatsa ne, kuma ta wane gefe?

Wannan tambayar ita ce rabin aikin, kuma ita aka fi tsallakewa. Mutum ya ce "yatsuna suna mutuwa" ya yi shiru, alhali kowane yatsa da jijiyarsa, kowace jijiya kuma da inda ake iya danne ta. Ɗauki ɗan auduga ko gefen hankici, a lokacin da abin yake kan yi, ka shafa kowane yatsa sama da ƙasa da gefe-gefe, kana gwadawa da ɗaya ƙafar. Inda jin ya ragu, zagaye shi da biro, ka ɗauki hoto.

Babbar jijiyar tafin ƙafa tana saukowa ta bayan idon sawu na ciki, ta bi wata matsattsiyar hanya, sannan ta rabu biyu a ƙarƙashin ƙafa. Reshen ciki yana bi ta kwarmin tafin ƙafa ya kai ji ga ƙasan babban yatsa, na biyu, na uku da rabin na huɗu. Reshen waje ya ɗauki ɗaya rabin na huɗu da ƙaramin yatsa. Saboda haka idan ƙasan babban yatsa da maƙwabtansa biyu ne suke mutuwa, har da ɗan zafi-zafi a kwarmin, abin zargi na farko shi ne tudun tsakiyar shimfiɗar: ya yi tsayi, ko ya yi tauri, ko ƙololuwarsa ba ta faɗa inda kwarmin ƙafarka yake ba. Idan kuma gefen mazaunin diddige ya hau sama yana dannar ƙasan idon sawu na ciki, yana iya taɓa babbar jijiyar tun kafin ta rabu, sai ka ji tafin ƙafar kusan gaba ɗaya yana minjirya.

Daga tsakiyar ƙafa zuwa gindin yatsu akwai dogayen ƙasusuwa 5, kawunansu ne ke yin wannan tudun da kake takawa a kai idan ka yi ɗage. Ƙananan jijiyoyi suna ratsawa ta tsakanin kawunan nan kafin su shiga yatsu. Idan aka matse ƙafa ta gefe da gefe, kawunan su haɗu su murƙushe jijiyar. Alamar wannan ba ta ɓuya: yatsu biyu maƙwabta suna mutuwa ta gefen da suke fuskantar juna, galibi na uku da na huɗu, wani lokaci na biyu da na uku, kuma mutum ya ji kamar yana taka tsakuwa. Nan ƙuncin takalmi ne kan gaba wajen laifi, sai ɗan matashin da ake liƙawa a gaban shimfiɗa idan an sa shi ba daidai ba.

Saman ƙafa kuwa jijiyoyinsa daban ne, ta gaban ƙwauri suke saukowa, kuma suna kwance ne dab da fata a kan ƙashi, babu nama mai kare su. Idan saman yatsu ne ke mutuwa, ko ɗan lungun da ke tsakanin babban yatsa da na biyu, shimfiɗar ba ta taɓa wurin ba ko kaɗan. Abin da ta yi shi ne ta ɗaga ƙafarka sama, ƙafar ta je ta tokari igiya da harshen takalmi. Ƙaramin yatsa da gefen ƙafa na waje kuma kan mutu idan shimfiɗar ta karkatar da ƙafa waje fiye da kima har ta jingina da bangon takalmi. Gefen babban yatsa na ciki shi kaɗai, duba ɗinkin takalmi ko bakin shimfiɗar da ke gogar wurin.

Idan yatsun duka biyar ne suka mutu tare, sama da ƙasa, kuma da cire takalmi suka farfaɗo, wuri ne ya yi kaɗan a cikin takalmin, ba wani abu ba.

Takalmi kafin shimfiɗa

A ganina, wanda bai gama binciken takalminsa ba bai kamata ya zargi mai ƙera shimfiɗa ba tukuna. Shimfiɗar asibiti tana da kauri, kuma wurin da ta ci a cikin takalmi daga rabon ƙafarka aka ɗebe shi.

Fara da abin da ya fi sauƙi. Tabbatar ta dama tana dama, ta hagu tana hagu. Tudun tsakiya yana gefen ciki, ɓangaren babban yatsa. Sannan ka zura hannu ka duba ko shimfiɗar da takalmin ya zo da ita daga kamfani tana ciki har yanzu. Idan shimfiɗar asibitin mai tsawon ƙafa gaba ɗaya ce, dole ta kamfanin ta fita, ba a ɗora ɗaya kan ɗaya. Yawancin kambas tasu tana zaruwa da hannu, wasu an ɗan ɗiga mata gam, a ɓamɓare a hankali. Wannan kaɗai yana warware matsalar mutane da yawa.

Kada ka yar da ta kamfanin, tana da amfani. Ajiye ta a ƙasa ka tsaya a kanta da dukan nauyinka. Idan gefen ƙafarka ya zubo waje, ko yatsu sun wuce bakinta, takalmin ya yi maka ƙunci tun asali, shimfiɗar asibiti kawai ta tona asirinsa ne. Tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmi ya kamata a sami kusan faɗin babban yatsan hannu, santimita 1 ko ɗan fi, kuma kana tsaye ka iya motsa yatsu sama da ƙasa.

Sai zaman shimfiɗar a ciki. Ta kwanta lif, diddigenta ya manne da bayan takalmi, ba ta rawa, gefenta bai hau bango ba. Shimfiɗar da ta fi takalmi faɗi takan hau gefe ɗaya ta karkace, sai tudun tsakiyarta ya ƙara tsayi fiye da yadda aka ƙera shi.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Muna cire takalmi sau da yawa a rana: salloli biyar, shiga ɗaki, gaisuwa a zaure. Saboda haka mutum yakan ɗaure igiya sau ɗaya ya bar ta, ya riƙa tura ƙafa da ƙarfi, ko ya take bayan takalmin ya mayar da shi kamar silifas tsakanin alwala da ƙofar masallaci. Duk lokacin da aka tura ƙafa haka, shimfiɗar tana zamewa gaba. Ta matsa ko da rabin santimita ne, tudun tsakiya da ɗan matashin gaba sun bar mazauninsu sun koma ƙarƙashin ƙashi. Bayan takalmin da aka take kuma ya karye, ba zai sake riƙe diddige ba. Mafita ita ce a ajiye silifas daban don alwala, a nemi takalmi mai maɗaurin ƙar-ƙar wanda buɗe shi ba ya cin lokaci, ko a daure a riƙa kwance igiya. A busar da ƙafa kafin a mayar da ita ciki, musamman tsakanin yatsu. Idan shimfiɗar tana zamewa duk da haka, ɗan salatif mai gam fuska biyu a ƙarƙashin diddigenta ya isa.

Ɗaurin igiya ma da dabara. Zare ta gaba ɗaya, sa shimfiɗa, sa ƙafa, buga diddige baya, sannan ka sake zura igiyar daga ƙasa. Bar ta sako-sako a kan yatsu da tsakiyar ƙafa, ka ƙarfafa ta a hujoji biyu na sama kusa da idon sawu, domin su ne ke hana ƙafa zamewa gaba ta cushe yatsu. Idan akwai wuri ɗaya a saman ƙafa da ke ciwo ko ƙashi ya ɗan taso, kada igiyar ta gicciye a kansa: wuce da ita ta gefe zuwa huji na gaba. Masu but, wato 'yan sanda, sojoji da masu yi wa ƙasa hidima, su suka fi buƙatar wannan.

Takalmi sau-ciki mai tsinin baki, irin wanda ake sawa da babbar riga ranar Juma'a, ba a yi shi don ɗaukar shimfiɗa mai kauri ba. Haka takalmin mata mai tsini, wanda ke tura nauyin jiki gaba ɗaya kan gindin yatsu. Idan aikinki ko aikinka na buƙatar irin waɗannan, a faɗa wa mai ƙerawa, akwai siririyar shimfiɗa da ke tsayawa kafin gindin yatsu.

In ya zama dole a sayi wani takalmin, tafi kasuwa, kamar Wunti ko Santaral a Bauchi, da shimfiɗar a hannu, da irin safar da kake sawa kullum, kuma da yamma, saboda ƙafa tana ɗan kumbura bayan yinin tsayuwa, balle a zafin Maris da Afrilu. Gwada ƙafa biyun a tsaye. Kada lamba ta ruɗe ka: ƙarin lamba tsawo yake ƙarawa, kai kuwa sau da yawa faɗi da zurfi kake nema. Idan gwanjo ne, kifa shi ka duba ƙasansa. Wanda ya cinye ta gefe ɗaya zai karkatar da shimfiɗar. Safa mai kauri ta lokacin hunturu ita ma tana cin wuri. Mai juna biyu, da wanda ke shan wasu magungunan hawan jini irin su amlodipine, ƙafarsu kan kumbura, takalmin da ya yi daidai da safe ya matse da la'asar.

Gwaji uku da ke raba gardama

Bayan ka gyara abin da ke sama, idan abin bai tafi ba, yi wannan a ranaku daban-daban, a lokaci iri ɗaya, da aiki iri ɗaya. Rana ta farko, takalmin da shimfiɗarsa ta kamfani, ba ta asibiti. Rana ta biyu, shimfiɗar asibiti a cikin wani takalmi mai yalwa, ko na aro ne. Na uku, ajiye shimfiɗun a kan siminti ka tsaya a kansu da safa na minti 10 zuwa 15, ba takalmi.

Yatsu sun mutu a rana ta farko: takalmin ne, ko kuma ƙafar tana da nata ciwon. Sun mutu a takalminka amma ba su mutu a mai yalwa ba: wuri ne ya yi kaɗan, shimfiɗar lafiya lau take ko kuma rage mata kauri kawai take so. Sun mutu a kowane takalmi, har da tsayuwa a kan siminti: siffar shimfiɗar ce, sai a koma kanta.

Duba shimfiɗar kanta

Ari jan-baki a cikin gida. Zauna, lalubo kawunan ƙasusuwan nan biyar a tudun gindin yatsu, ka ɗiga wa kowanne. Sa shimfiɗar cikin takalmi, zura ƙafa a hankali ba safa, kada ka goge ɗigon, tashi ka yi 'yan taku, ka zare. Yanzu shimfiɗar ta nuna maka inda ƙasusuwanka ke sauka.

Idan akwai ɗan matashi a gaba, wurinsa bayan ɗigon ne, ta ɓangaren diddige, dab da su amma ba a ƙarƙashinsu ba. Aikinsa ya tallafi ƙasusuwan daga baya ya ɗan buɗa tsakaninsu, jijiya ta sami sarari. Idan ɗigon ya hau kan matashin, abin da aka sa don sauƙi ya zama shi ne mai danniya. 'Yan milimita ne ke raba daidai da kuskure a nan. Haka bakin robar nan mai tauri da ke jikin shimfiɗar: ya kamata ya ƙare kafin ɗigon, kuma a feƙe shi ya yi siriri. Idan ya kai ƙarƙashinsu, ko yatsanka ya ji gaɓa mai kaifi a wurin, kowane taku kana lanƙwasa ƙafa a kan baki.

Tudun tsakiya kuma, zauna ka manna shimfiɗar a tafin ƙafarka da hannu. Ya kamata ta bi kwarmin ko'ina daidai. Idan wuri ɗaya ne ke tokare ka, sauran na lilo, yi wa wurin alama. Duba diddige: an ƙara masa tsayi? Ƙarin tsayin diddige yana sauƙaƙa wa agara, amma yana tura nauyi gaba kuma yana ɗaga saman ƙafa zuwa igiya. Duba rufin sama ko ya tattare ko ya ɓare. Tsohuwar shimfiɗa kuma da ta yi shekaru ba matsala sai yanzu, wataƙila sosonta ya mutu, ko an bar ta a mota cikin rana ta lanƙwashe, ko ƙafar ce ta canza saboda ƙarin ƙiba ko haihuwa.

Komawa wurin wanda ya ƙera

Gyara bayan an fara sawa yana cikin aikin, ba roƙo ba ne, kuma ƙwararre ya san da haka. Mutanenmu suna da kunyar komawa, suna ganin kamar raina aikin mutum ne. Wannan kunyar tana jawo asarar kuɗi da lafiya.

Tafi da shimfiɗun biyu, da takalman da ka fi sawa, da safarka, da hoton da ka zagaye da biro, kuma kada ka goge jan-bakin. Maimakon "ba ta yi mini ba", ka ce: "Likita, bayan minti 40 ina tsaye, yatsa na uku da na huɗu na ƙafar dama suna mutuwa ta ƙasa, in na cire su dawo cikin minti 5, kuma a takalmi biyu na gwada." Da irin wannan bayanin ya san inda zai sa hannu. Yana iya matsar da matashin baya, ya kankare bakin robar, ya rage tudun tsakiya da injin gogewa ko ya gasa robar ya sassauta ta, ya rage gefen mazaunin diddige, ya canza rufin da mai laushi ko marar kauri. Idan awon farko ne bai yi ba, a sake awo. Roƙe shi ya gyara abu ɗaya ko biyu kawai, ka taka a harabar asibiti na ɗan lokaci kafin ka kama hanya. Wanda ya yi nisa da inda aka ƙera masa, ya fara nuna wa ma'aikatan sashen gashin ƙashi na asibitin koyarwa na Bauchi, ko na Azare ga mutanen Katagum, su duba ko abin da za a iya yi a kusa ne.

Shumeka yana da rana a wannan harka: zai iya buɗa gaban takalmin fata, ya cire shimfiɗar kamfani da aka liƙe, ya ƙara huji a maɗauri. Amma kada ya sa wuƙa a jikin shimfiɗar asibiti, kai ma kada ka kanga ta a wuta ko ka tsoma ta a tafasasshen ruwa. Kusurwar da ke ƙarƙashinta da gangan aka yi ta, kuma abin da aka yanke ba ya komawa.

Bayan gyara, a faro sabo daga farko: awa 1 a rana ta farko, a riƙa ƙara awa ɗaya kullum, har a kai yini cikin mako biyu zuwa uku. Ranar da yatsu suka mutu, a cire nan take, gobe a koma adadin da bai kawo matsala ba. Kada a fara da ranar kasuwa ko ranar doguwar tsayuwa a aji ko a ɗakin marasa lafiya, ƙwallo da gudu kuma sai an iya yini da ita lafiya.

Idan ba shimfiɗar ba ce

Wani lokaci shimfiɗa tana bayyana ciwon da ya riga ya kwanta ne. Jijiyar da ke tsakanin yatsa na uku da na huɗu tana iya yin kauri ta zama ɗan ƙulli, ciwon da ke ɗauke da sunan Thomas Morton, likitan Amurka da ya yi bayaninsa a 1876, kuma ya fi kama mata. Idan ka matse gaban ƙafa ta gefe biyu da hannu ka ji zafin ya harba cikin yatsu, faɗa wa likitan ƙashi. Ciwon baya ma yana saukowa: jijiyar da aka danne a ƙugu tana iya kashe babban yatsa da saman ƙafa, ko ƙaramin yatsa da gefen waje, galibi tare da ciwon da ke bin cinya zuwa ƙasa.

Mutuwar da ta kama ƙafa biyu daidai wa daida, ta faro daga kan yatsu tana hawa, ta fi tsanani da dare da zafi kamar barkono, wannan daga cikin jiki take. Ciwon suga ne kan gaba, kuma da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba, don haka a auna. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo ta, kuma wanda ya daɗe yana shan metformin yana iya samun wannan ƙarancin. Isoniazid da ke cikin maganin tarin tibi yana kawo ta, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Kada a daina maganin, a koma wurin da ake karɓa a faɗa. Giya tana kawo ta. Idan kuma akwai wani tabo a fata mai haske wanda ba ya jin taɓi, a je a duba kuturta, maganinta kyauta ne kuma tana warkewa. Abin da ba na so shi ne a wuce kemis a sayi "maganin jijiya" a yi ta sha. Wasu suna rufe alamar ne kawai danniyar na ci gaba, kuma B6 ɗin kansa idan ya yi yawa na tsawon lokaci yana lalata jijiya.

Mai ciwon suga dokarsa daban ce, kuma ta fi tsauri. Ƙafar da jinta ya ragu ba za ta gaya masa shimfiɗa na cin sa ba, ido ne zai gaya masa. Duk lokacin da ya cire takalmi a kwanakin sabo, ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, da madubi ko wani a gida ya duba masa. Ya zura hannu cikin takalmi kafin ya sa, saboda tsakuwa ko ƙusa. Shati ɗaya da ya ƙi bajewa, ko bororo, ko kanta da ta yi duhu a ciki, a ajiye shimfiɗar a je asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba. Kada ya gasa mataccen yatsa da ruwan zafi ko ya miƙa ƙafa ga garwashi lokacin ɗari, ƙuna za ta same shi bai ji ba. Kada reza ta taɓa kanta ko kaushi, ko a hannunsa ko a hannun mai yankan farce. Ya nemi a yi masa gwajin ji da ɗan siririn zaren roba mai nauyin giram 10 aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma tun ranar awo ya faɗa wa mai ƙerawa yana da suga, domin irin shimfiɗarsa mai laushi ce da ke raba nauyi ko'ina, ba roba mai tauri ba.

Masu sa ƙarfe ko robar da ke hawa har ƙwauri, kamar waɗanda shan inna ya taɓa, su lura da maɗaurin sama. Akwai jijiya da ke zagaye ɗan ƙashin da ke gefen waje, ƙasa kaɗan da gwiwa. Idan maɗauri ko bakin roba ya zauna a kanta, saman ƙafa ya mutu, ɗaga yatsu ma ya gagara. Bakin ya kamata ya tsaya kamar faɗin yatsu biyu ƙasa da wannan ƙashin. Yaro ƙarami kuma ba zai ce yatsunsa sun mutu ba. Zai riƙa cire takalmin, ko ya yi ta tuntuɓe, ko ya ƙi tafiya. Uwa ta cire ta duba launin yatsu da ɗuminsu da shatin da ke fata, kuma ta riƙa gwada tsawon takalmin duk bayan 'yan watanni, domin ƙafar yaro tana fin shimfiɗarsa girma tun shimfiɗar ba ta tsufa ba.